VIP: Tarihin Samarin Zango da Suka Kai Gambarar Nima Duniya

VIP ƙungiyar mawaƙan gambarar zamani ce da ta tashi a Nima, ɗaya daga cikin manyan zangunan birnin Akra na ƙasar Gana, a shekarun 1990. Cikakken sunanta Vision In Progress. Musa Haruna, wanda aka fi sani da Friction, shi ya kafa ta. Abokan tafiyarsa su ne Abdul Hamid Ibrahim mai laƙabin Lazzy, wanda daga baya ya koma amsa sunan Zeal, da Emmanuel Ababio wato Promzy, da Joseph Nana Ofori wato Prodigal, sai kuma Bone. Ƙungiyar ta fara ne da wasa a bakin titi da filayen unguwa, ta fitar da kundinta na farko a 1998, ta lashe kambun gwarzon mawaƙin shekara na Gana sau biyu, a 2004 da 2011, kuma waƙarta Ahomka Womu ta ratsa Afirka ta Yamma har ta zama tushen da mawaƙan Najeriya suka ɗora nasu gini a kai bayan shekara 14. Ga mai karatu Bahaushe, muhimmancinta ya wuce lambobin yabo. Tana cikin ƙungiyoyin farko da suka shigar da Hausar zangunan bakin teku cikin kiɗan da dukan ƙasa ke saurare, a lokacin da ambaton sunan Nima kan sa mai ɗaukar ma'aikata ya mayar da takardar mutum.

Zangunan bakin teku 'ya'yan fatauci ne. Shekaru aru-aru ayarin fatake daga Kano da Katsina da sauran ƙasar Hausa suna bin hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Salaga ce babbar kasuwar wannan hanya, har yaƙin basasa ya tarwatsa ta a 1892. Mutanenta suka bazu: wasu Kete-Krachi, inda shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu Kumasi, wasu suka gangara teku, Akra da Lome. A gefe guda kuma Turawan Ingila sun ɗebi Hausawa aikin soja da ɗan sanda tun yaƙinsu da Asante a 1873 da 1874, kuma da yawansu ba su koma gida ba. Daga nan aka samu Zongon Akra da Sabon Zongo na Malam Baƙo, aka kuma samu Zongon Lome, wanda ya bunƙasa bayan Jamusawa sun mai da garin hedikwatar mulkinsu a 1897. Tsakanin Akra da Lome bai kai kilomita 200 ba, kuma garin Aflao na Gana a manne yake da Lome. Aure da ciniki da karatun allo sun ɗinke zangunan biyu tun fil azal, abin da aka ji a wannan da safe yakan kwana a wancan.

Nima ƙanwa ce a cikinsu. A farkon shekarun 1930 wani malami Bafulatani mai cinikin shanu, Malam Amadu Futa, ya samu fili daga wani gidan sarautar gargajiya na Osu, a wajen gari. Bayan yaƙin duniya na biyu wurin ya cika da tsofaffin sojoji da leburori da masu gadi da baƙi daga arewacin Gana da Burkina Faso ta yau da Nijar da Mali da Togo da Najeriya. Da yake unguwar ta daɗe a wajen iyakar hukumar birni, an gina ta ba tare da tsari ba: gida na jingine da gida, lungu ya ishi mutum ɗaya kawai, ga babbar kwata da ta raba ta da Maamobi. Mutanen ba duka Hausawa ba ne, akasarinsu ma ba su ba ne. Akwai Zabarmawa da Kotokoli da Mosawa da Dagombawa da Fulani da Wangarawa, akwai Kiristoci 'yan Ewe da Akan da Ga. Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci da filin ƙwallo, irin Hausar nan ta Gana da ba ta rarrabe namiji da mace a nahawu, mai cike da aron harshen Twi da Turanci. Wannan ne ya sa ba abin mamaki ba ne a ga Musa da Abdul Hamid da Emmanuel da Joseph a ƙungiya guda. Haka Nima take.

Zangunan Akra da Lome kowanne ya sha nasa dukan. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Dubun dubata suka fita, cikinsu har da waɗanda a Gana aka haifi iyayensu, kuma da yawa ta Aflao da Lome suka bi. Tun daga lokacin tambarin baƙunta ya manne wa ɗan zango, ko da kakansa ya yi wa ƙasar aikin soja. A Lome kuwa, a 1977 gwamnatin Gnassingbe Eyadema ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutanensa zuwa kimanin kilomita 15 arewa, wajen Togblekope, a kan hanyar da ta nufi arewacin ƙasar. Masanin zamantakewa Michel Agier ya rubuta littafi a kan 'yan kasuwar wannan zango a 1983. Nima ba a tashe ta ba. Birni ne ya girma ya kewaye ta, har ta wayi gari tana maƙwabtaka da Kanda da unguwannin masu hali da gidan da ya zama fadar shugaban ƙasa. Yaron Nima da ƙafa yake isa gidan rediyo da gidan rawa da situdiyo. Wannan bambanci zai yi tasiri daga baya.

Lokacin da waɗannan samari suka taso, kiɗan Gana na cikin halin ni-'yasu. Bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na ranar 31 ga Disamba 1981 an kafa dokar hana fitar dare da ta ɗauki fiye da shekara biyu, ga haraji mai nauyi a kan kayan kiɗan da ake shigowa da su. Manyan ƙungiyoyin kiɗan hailaif da ke wasa a gidajen rawa suka watse. Wasu makaɗa suka koma coci, wasu suka tafi Jamus, inda aka ƙirƙiro sabon hailaif na na'ura irin na George Darko. Yaran da aka haifa a shekarun 1970 sun girma ba su ga ƙaho da jita a hannun maƙwabci ba. Abin da suka gani shi ne kaset da bidiyo daga Amurka, wanda 'yan uwa da ma'aikatan jirgin ruwa ke kawowa. Gambarar da ta tashi a Bronx ta birnin New York ba ta bukatar komai sai baki da ƙwaƙwalwa da wani da zai buga tebur. Ga yaron da ba shi da kuɗin jita, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan labarin da ke cikin waƙoƙin, na unguwar da 'yan sanda ke shiga da ƙarfi, masu mulki kuma ba sa tunawa da ita sai zaɓe ya zo, labari ne da ɗan Nima ya sani ba sai an fassara masa ba. Ba banza ba VIP suka raɗa wa kamfaninsu suna Boogie Down Nima, kwaikwayon sunan ƙungiyar mawaƙin gambara KRS-One ta Bronx.

Shekarun farko na ƙungiyar shekaru ne na bayan fage. Babu kamfani, babu faifai, babu mai sa su a rediyo. Fagensu shi ne gasar gambara ta 'yan makaranta, da bikin titi, da taron suna da na aure, da kuma bukukuwan Sallah. Yadda ake irin wannan wasa sananne ne a duk zangunan bakin teku: a tare bakin layi da benci, a jero manyan sifiku bisa tebur, a jawo wuta daga shagon wani, mai sa kiɗa ya juya kaset zuwa ɓangaren da babu murya, makirfo ɗaya yana yawo daga hannu zuwa hannu. Wanda baitinsa ya yi sanyi ihu za a yi masa nan take, wanda ya burge a ɗaga shi sama. Babu alƙali sai jama'a, kuma jama'ar sun san gidan su kowa. A irin wannan makaranta VIP suka koyi abin da ya riƙe su shekara 20, wato iya riƙe taro. Har karen Friction mai suna Chicago sai da aka lissafa cikin ƙungiyar, ana hawa dandamali da shi. A unguwar da akasarinta Musulmi ne, wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kallon da dattawa ke yi musu.

Kallon kuwa ba na wasa ba ne. A al'adar Hausa da ta zango, waƙa sana'ar gado ce ta maroƙa, ɗan malam ko ɗan attajiri ba ya shiga cikinta da yardar gida. Balle waƙar da ta zo da wando har gwiwa da kitso da zane a jiki. Samarin suna tsakanin wuta biyu: a cikin unguwa ana ganin sun ɗauko ɗabi'ar banza, a wajen unguwa ana ganin 'yan daba ne saboda inda suka fito. Abin da ya kamata a yaba musu shi ne ba su ɓoye asalinsu don su samu shiga ba. Mawaƙa da yawa a wancan zamani sun fi so a ɗauka daga Landan suka dawo. Su kuwa Nima suke kira a farkon waƙa da ƙarshenta.

Abubuwa biyu suka buɗe musu ƙofa. Na farko rediyo. Tsarin mulkin 1992 ya ba da 'yancin kafa kafofin watsa labarai, amma sai da Charles Wereko-Brobby ya buɗe Radio Eye a 1994 ba da izini ba, 'yan sanda suka rufe ta, kafin gwamnati ta sakar wa 'yan kasuwa mara. Joy FM ta fara aiki a 1995, wasu suka biyo baya, dukansu suna neman abin da zai jawo matasa. Na biyu shi ne Reggie Rockstone. Ɗan masu hali ne, ya yi rayuwa a Landan da Amurka, ya yi gambara da Turanci a ƙungiyar PLZ, sannan ya komo Akra a 1994 ya fara yi da Twi. Kundinsa Makaa Maka na 1997 shi ya kafa salon da ake kira hiplife, gaurayen hip hop da hailaif. Da yake wanda ya ga Turai da idonsa ne ya zaɓi harshen gida, sai kunyar yin gambara da harshen uwa ta kau. Obrafour ya biyo da Pae Mu Ka a 1999 cikin Twi mai zurfin karin magana, Buk Bak suka yi da harshen Ga. Gurbin Hausa da zango VIP suka cike shi.

Kundinsu na farko, Bibi Baa O, ya fito a 1998. Ye De Aba ya biyo a 2000, sai Lumbe Lumbe Lumbe a 2001. Daga waƙoƙin wannan zamani wadda ta fi zama a zukatan mutanen zango ita ce Rana Sallah. Dalilin a fili yake. Gana ƙasa ce da waƙoƙin Kirsimeti da na coci suka cika rediyo, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 gwamnati ta mai da ranakun Sallah hutun ƙasa. Yaron zango da ya ji bikinsa da harshensa suna fitowa daga rediyon motar haya, kusa da fasinjan da ba ya jin ko kalma ɗaya amma yana kaɗa kai, ya samu wani abu da siyasa ba ta ba shi ba.

Duk da haka kasuwa tana da nata hukunci. Masu sayen kaset a Akra da Kumasi da Takoradi Twi suke ji, kuma masu rarraba kaset a kasuwannin Kantamanto da Kejetia abin da zai fita da sauri suke ɗauka. Kundayen ƙungiyar biyu na farko ma sunayen Twi suke ɗauke da su. Bayan kundi na uku Friction ya fita ya kama gabansa, daga baya ya tafi Holan ya yi karatun kiɗa a Tilburg, ya karkata ga rege. Bone ma ya bar tafiyar. Aka bar mutum uku, Promzy da Lazzy da Prodigal, kuma mutane da yawa sun ɗauka ƙarshen ƙungiyar ke nan tunda mai ita ya tafi.

Sai ga Ahomka Womu a 2003. Waƙar soyayya ce da Twi, an ɗora ta a kan salon jitar hailaif na dā, tafiyarta a hankali, amshinta mai sauƙin kamawa, gambarar kuma an rage mata kaifi ta zauna cikin kiɗan ba ta hau kansa ba. Wannan haɗi shi ya karya katangar da ke tsakanin tsara da tsara. Dattijon da ya yi rawa a zamanin makaɗin hailaif E.T. Mensah ya ji abin da ya sani, jikansa ma ya ji nasa. Aka sa ta a biki da jana'iza, wadda a kudancin Gana taro ne na kiɗa, aka sa ta a gidan rawa da tashar mota. A bikin lambobin yabo na kiɗan Gana na 2004 ƙungiyar ta kwashe lambobi biyar, ciki har da waƙar shekara da gwarzon shekara. Samarin da shekara shida kafin nan ake jawo musu wuta daga shagon maƙwabci suka hau dandamali gaban manyan ƙasa aka kira sunan unguwarsu.

Akwai abin dubawa a nan. Waƙar da ta kai 'yan zango ƙololuwa ba da Hausa aka yi ta ba, kuma ba ta maganar kwata ko rashin aiki. Masu son gambara tsantsa sun ga kamar an sayar da gaskiya an sayi farin jini. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, amma bai cika adalci ba. Mawaƙin da ke cikin 'yan tsiraru a ƙasarsa dole ya yi magana da harshen masu rinjaye in yana so a ji shi, kuma VIP ba su taɓa sauke Hausa gaba ɗaya ba. Tana nan a baitocin Lazzy, tana cikin kirari da gaisuwar da suke jefawa tsakanin baiti da baiti, tana kuma bayyana a sunayen waƙoƙinsu har bayan shekaru. Da Twi suka shiga gidajen mutane, da suka shiga kuma ba su canza sunan unguwarsu ba.

Ƙetare iyaka ya zo ta Najeriya. Tsakanin ƙasashen biyu akwai tsohuwar hanyar kiɗa tun rangadin E.T. Mensah a shekarun 1950, akwai kuma tsohon ciwo, korar 1969 da ramuwar 1983 lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi, cikinsu 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya. Ahomka Womu ta shiga Legas a daidai lokacin da sabon kiɗan Najeriya ke neman ƙafarsa, masu sauraro suka haddace amshin ba tare da sanin ma'anarsa ba. Tashoshin tauraron ɗan adam, Channel O da kuma MTV Base da aka buɗe a 2005, suka sa bidiyon Akra ya zama abin kallo a Nairobi da Johannesburg. A 2006 2Face Idibia, wanda a lokacin babu kamarsa a Najeriya, ya gayyace su cikin waƙar My Love a kundinsa Grass 2 Grace. Daga nan sai tafiye-tafiye zuwa Turai da Amurka. Ya kamata a faɗi girman wannan nasara yadda take: masu cika zaurukan a can akasari 'yan Afirka ne mazauna waje, ba a kai zamanin da waƙar Legas ko Akra za ta hau jadawalin Amurka ba tukuna. Amma waɗannan zauruka su ne harsashin kasuwar da kiɗan Afrobeats ya gada. Wani mai shirya fim Ba'amurke, Eli Jacobs-Fantauzzi, ya bi ƙungiyar shekaru yana ɗauka, ya fitar da fim ɗin HomeGrown: HipLife in Ghana a 2008, wanda aka nuna a bukukuwan fina-finai da jami'o'i.

Suna ba shi ne kuɗi ba. A waɗannan shekaru kaset ya mutu, faifan CD ya faɗa hannun masu kwafi, kuɗin da ya kamata rediyo ta biya mawaƙi kuwa bai taka kara ya karya ba. Abin da ke ciyar da mawaƙi shi ne wasa a dandamali da tallan kamfanonin waya da na abin sha. A nan horon bakin titi ya yi wa VIP rana, domin ƙungiya ce da mai shirya taro ya san za ta tayar da jama'a. Yawancin ƙungiyoyin da suka fara tare da su sun watse kafin 2010. Su kuwa a shekarar suka fitar da Away, waƙar rawa mai sauri da ta dace da sabon kunnen matasa, ta kai su ga kambun gwarzon shekara karo na biyu a 2011, tsakanin nasarorin mawaƙi Sarkodie biyu na 2010 da 2012. Wato sun yi gogayya da yaran da suka girma suna sauraronsu, suka kuma yi nasara.

A ɗaya gefen iyaka, Lome ta samu nata labarin a kusan lokaci guda, amma ta wata hanya. A 2005, shekarar da Eyadema ya rasu aka yi rikicin zaɓen da ya ci rayuka, a shekarar ce kuma ƙungiyar ƙwallon Togo ƙarƙashin Stephen Keshi ta samu gurbin gasar cin kofin duniya karo na farko. Wasu samari biyu daga unguwar Tokoin, Master Just da Barabas, suka kafa Toofan, suka yi wa 'yan ƙwallon waƙar da ta zama taken tafiya Jamus a 2006. Togo ta sha kashi a wasanninta uku, amma waƙar ta zauna. Lome a lokacin kiɗan Abidjan da na Kinshasa ne suka mamaye ta, sai Toofan suka haɗa gambara da kiɗan rawa, suka riƙa ƙirƙiro rawa mai suna, Cool Catché sannan Gweta, da harshen Mina da Faransanci. A 2014 aka sa su cikin 'yan takarar lambar BET ta mawaƙan Afirka tare da Davido da Sarkodie da Tiwa Savage, suka kuma lashe lambar MTV ta ƙasashe masu Faransanci a Durban. Kundinsu Conquistadors ya fito a 2018 ƙarƙashin kamfanin Universal.

Kwatanta ƙungiyoyin biyu yana nuna abubuwa. Dukansu sai da suka sassauta gambara suka rungumi rawa kafin su fita daga unguwa, dukansu kuma maƙwabta ne suka fara karɓarsu kafin Turai. Hanyar ɗan Akra ta bi Legas da Landan, ta ɗan Lome ta bi Abidjan da Paris, ko da yake garuruwan biyu tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Sannan muryar da ta fita daga Lome daga tsakiyar gari ta fito, inda rediyo da situdiyo da gidajen rawa suke, wurin da aka raba mutanen Zongo da shi tun 1977. Ba nisa kaɗai ke hana waƙa tashi ba, amma unguwar da aka tura bakin gari ta yi asarar cuɗanyar yau da kullum da ke sa harshen 'yan tsiraru ya shiga kunnen kowa. Nima tana da wannan cuɗanya, kuma da ita VIP suka yi jari.

A 2013 Promzy ya bar ƙungiyar. Abin da ya biyo baya ba wanda ya zata: a 2014 Reggie Rockstone da kansa, mutumin da ake kira kakan hiplife, ya shigo ya cike gurbin, aka ƙara harafi ɗaya suna ya koma VVIP. Ɗan masu hali da ya buɗe ƙofa ya dawo ya zama ɗan ƙungiyar yaran zango da suka bi ta cikinta. Suka fitar da Selfie, wadda aka sake yi da ɗan wasan fim na Ingila Idris Elba da mawaƙin Najeriya Phyno, sai Skolom tare da Sena Dagadu, sai Dogo Yaro tare da Samini, da Alhaji tare da Patoranking. Suka kuma riƙe bikin Sallahfest da suke shiryawa a Nima bayan azumi, inda ake rufe babban titi, a raba abinci, manyan mawaƙan ƙasar su zo su yi wasa kyauta ga mutanen da ba za su iya sayen tikitin zauren taro ba. Wasan bakin titin da suka fara da shi ne ya girma, sai dai wannan karo da injin wuta da 'yan sanda masu tsaro da kyamarorin talabijin.

A 2017 Wizkid da mai haɗa kiɗa Mut4y suka fitar da Manya, wadda aka gina kai tsaye a kan karin Ahomka Womu, ta kai tsohuwar waƙar ga masu sauraron da suke goye lokacin da ta fito. A shekarar ce kuma gwamnatin Gana ta kafa ma'aikata ta musamman don raya zanguna da tsofaffin unguwannin birni, alamar cewa ƙuri'ar zango da sunansa sun zama abin da ba a iya kau da kai a kansu. Ba waƙa ce ta kawo wannan ita kaɗai ba, amma tana cikin abin da ya sauya yadda ake furta sunan. Ɗan ƙwallo Mohammed Kudus, haifaffen Nima a 2000, ya taka leda a Ajax da West Ham yana ambaton unguwarsa a duk inda aka tambaye shi. Mohammed Ismail Sherif, wato Black Sherif, ya fito daga zangon Konongo a yankin Asante, ya sa wa wata waƙa sunan zangon nasu a kundinsa na 2022, The Villain I Never Was. A 2023 ya lashe kambun gwarzon shekara na Gana, wanda VIP suka riƙe sau biyu, ya kuma karɓi lambar BET ta gambara ta mawaƙan ƙasashen waje.